Yadda ake ɗora wa tsohuwar mota hancin faiba a kan bonet

Peugeot 504 ɗin da mahaifinmu ya bari ta shekara shida a gindin bedi, a bayan gidanmu wajen Ƙofar Marusa a Katsina, kafin Allah ya ba ni ikon tashinta. Da aka gama da inji da birki sai kwaɗayi ya motsa, na ce sai na ɗora mata hanci a kan bonet. Ina nufin ɗan tudun nan mai buɗaɗɗen baki da ake gani a kan tsofaffin motocin Amurka irin Ford Mustang Mach 1 ta 1969, ko a kan wasu Hilux masu shan dizal da ke yawo a garin nan.

Na farko da aka ɗora mini bai ga Sallah biyu ba. Wani mai gyaran jikin mota, wanda ba zan kama sunansa ba don har yanzu muna gaisawa, ya kafa shi da ribit shida, ya lafta bodi fila a gefe, ya fesa fenti. Ranar da na karɓa sai ka rantse daga kamfani ta fito haka. Bazara na kamawa wani siririn layi ya zagaye hancin kamar an ja shi da allura. Damina ta sauka, ruwa ya bi layin ya shiga, tsatsa ta kumburo fenti. Na biyun ni na tsaya a kansa tun daga awo har feshi, kuma shi zan bayyana a nan.

Abin da ya kashe aikin farko shi ne abin da ya kamata ka riƙe a ka tun kafin ka ɗauki samfefa: ƙarfe da faiba (gashin gilashi da aka jiƙa da rezin ya daskare, abin da aka yi hancin da shi) ba sa motsi tare. Bonet wuta biyu yake sha, inji daga ƙasa, rana daga sama. A watan Afrilu a Katsina zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, bonet ɗin da ya yini a rana kuwa ba ka iya ɗora masa tafin hannu. Da asubahin hunturu kuma ƙarfen ya yi sanyi ƙalau. Kullum ƙarfe na buɗewa yana tsukewa da nasa gwargwado, faiba na yi da nata, kuma duk abin da aka sa a tsakaninsu shi ke shan jan. Bodi fila ba gam ba ce, an yi ta ne don cike ɗan lotsawa. In ka ɗora mata aikin riƙo, za ta tsage.

Shawara uku kafin a taɓa mota

Ta farko, wane bonet za ka huda? In motar tana da bonet ɗinta na asali mai lafiya, ka cire shi ka jingine a ɗaki, ka nemo wani na gwangwan ka yi aikin a kansa. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta daɗe ana yin ta a can bayan an daina a Faransa, saboda haka bonet ɗinta bai yi wuyar samu ba a wajen masu fasa tsofaffin motoci, nan cikin gari ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ranar da za ka sayar da motar, mai son tsohuwar mota na gaske zai tambayi na asalin. Ramin da aka yanka kuwa ko an toshe da walda ba ya komawa yadda yake.

Ta biyu, hancin na ado ne ko na shan iska? Kada wani ya ruɗe ka da cewa iska za ta riƙa tura kanta cikin inji mota ta zama jirgi. A gudun kilomita 100 cikin awa, ƙarin matsin da iskar gaba ke kawowa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. Amfanin gaskiya yana wajen sanyi. Iskar da ta kai digiri 60 a ƙarƙashin bonet ta fi ta waje mai digiri 35 sakayau da kashi 7 zuwa 8 cikin 100, wato inji na samun ƙarancin abin ƙona fetur da shi. To amma wannan ribar ba ta samuwa sai an haɗa bakin hancin da tukunyar iyakilina, wato matatar iskar inji, ta yadda iskar waje kaɗai za ta shiga. Rami kawai a bonet ba ya yin wannan aikin, sai dai ya zama ƙofar ƙura da ruwa. A garin da hazon hunturu ke rufe hasumiyar Gobarau wasu ranaku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni nawa na ado ne, an toshe bakinsa da baƙin farantin roba daga ciki, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Ta uku, da noti za ka ɗaure ko da gam za ka manne ka shafe gefen ya zama jiki ɗaya da bonet? Mannewa ta fi kyau a ido. Ɗaurewa da noti a kan roba ta fi daɗewa a wannan rana tamu, domin tana barin kowanne ya yi motsinsa. Zan kawo duka biyun, amma ra'ayina na wajen noti.

Kayan aiki

Za ka buƙaci tef ɗin awo, tef ɗin takarda irin na masu fenti, alƙalamin maka, kwali, zare, injin huda da bakunansa daga milimita 3 zuwa 12, magagari, da samfefa mai lamba 40, 80, 180, 320 da 600. Sai tabarmar faiba mai nauyin giram 300 ko 450, rezin (ruwan da ake jiƙa tabarmar da shi) da hadina ɗinsa (maganin da ke sa shi daskarewa), buroshi mai arha guda uku ko huɗu don kowanne sau ɗaya zai yi aiki, asiton na goge maiƙo, da faraima (shafen farko kafin fenti). Mai ɗaurewa zai ƙara da bolti masu kaurin milimita 5 ko 6 waɗanda ba sa tsatsa, wosha masu faɗi, noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, da tsohon tib na tayar mota. Mai mannewa zai nemi gam na musamman na manna jikin mota, mai ruwa biyu da ake haɗawa, irin wanda 3M ke yi. In bai samu ba, Araldite mai jinkirin bushewa ya fi komai kusa. Gam ɗin nan na minti huɗu da ake sayarwa a kowane shago kada ya kusanci aikin nan: kafin ka zagaye rabin hancin ya daskare, kuma zafin bonet na sassauta shi.

Ka sa takunkumi da tabarau da safar hannu da riga mai dogon hannu. Ƙurar faiba in ta shiga fata kwana za ka yi kana susa, in ta shiga huhu kuma tana cutarwa. Hadina na rezin ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, don haka ka ajiye bokitin ruwa kusa.

Shirya hancin kansa

Sabon hancin faiba yakan zo da santsin kakin da aka shafa wa mazubin da aka zuba shi. Ka wanke shi da ruwan ɗumi da omo sau biyu, ka goge da asiton, sannan ka taɓa shi da samfefa. In ka fara da samfefa, kakin za ka tura cikin ƙananan ramuka, daga baya fenti ya riƙa yin idon kifi.

Bayan nan ka shanya shi. Faiba sabuwa ba ta gama ƙonuwa ba, wato bushewa har ciki, tana ci gaba da tsukewa kaɗan kaɗan har makonni. Ka ɗora shi a kan bonet ɗin da zai zauna, ka danne gefunansa da ƙananan buhunan yashi, ka bar shi a rana kwana huɗu ko biyar. Abin da masu wannan aiki a ƙasashen sanyi ke nema da fitilar zafi, mu kyauta muke samunsa. Sai dai kada ka jefar da shi a ƙasa yadda ya ga dama, don in ya gasu a karkace, a karkace zai zauna.

Awo

A nan ake cin riba ko a faɗi, kuma a nan masu gaggawa ke wucewa da gudu. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, bonet a rufe. Ka shimfiɗa tef ɗin takarda ya rufe duk tsakiyar bonet. Ka auna faɗin bonet a wuri uku, gaba da tsakiya da baya, ka raba kowanne biyu ka sa ɗigo, ka ja zare ya bi ta kan ɗigon ukun, ka zana layi. Kada ka dogara da tambarin zakin da ke gaba ko madubin cikin mota, domin motar da ta shekara arba'in a hanya da wuya a ce ba ta taɓa cin karo an gyara ba. Shi ma hancin ka nemo tsakiyarsa gaba da baya ka sa alama.

Ka ɗora shi, alama kan layi, ka kama da tef. Sai ka shiga ka zauna a kujerar direba yadda ka saba zama. Kana ganin gefen titi na dama? Yaro ko akuya in sun gifta gaban motar za ka gan su? In hancin ya tare maka gani, ka matsa da shi ko ka nemi gajere, tun kafin jami'an hanya su tuna maka. Ka duba kuma bai hau kan 'yan bututun da ke fesa wa gilashi ruwa ba. Sannan ka fito ka ja baya taku goma sha biyar ka duba daga gaba, ka duba daga kowane gefe. Ni har sai da na kira maƙwabcina tela, don idonsu ba ya barin karkata.

Yanzu ka buɗe bonet ka dubi cikinsa. Akwai haƙarƙarin ƙarfe da aka manna masa don kada ya yi lankwasa. Ka auna inda suke ka zana su a kan tef ɗin sama da wani launi daban. Ba a yanka haƙarƙarin nan, kuma gara bolti ya kauce musu. Bonet ɗin da aka yanke wa haƙarƙari yakan riƙa kaɗawa a kan gudu, kaɗawar nan kuma ita ke fasa faiba.

In za ka buɗe rami, sai ka san ainihin inda iyakilina take da tazarar da ke tsakaninta da bonet. Injin 504 a kishingiɗe yake, don haka kada ka ɗauka kafireto na daidai tsakiya. Dabarar mai sauƙi ce: ka mulmula laka kamar ƙwallon fura guda huɗu, ka naɗe kowanne a leda, ka ɗora a kan wuraren da suka fi tsawo a inji, ka shafa ɗan alli a samansu, ka rufe bonet a hankali ka buɗe. Allin zai nuna maka wurin a cikin bonet, kaurin lakar da ta baje kuma shi ne tazararka. Inji na rawa a kan kujerunsa, saboda haka ka bar aƙalla santimita 2 tsakaninsa da ƙarshen kowane bolti.

Idan komai ya yi, ka zagaye gefen hancin da maka a kan tef.

Sauke bonet da daidaita zama

Ka cire kan batir. Ka zagaye hinjin bonet da maka kafin ka kwance, don ka mayar da shi inda yake ba tare da wahala ba. Mutum biyu ke sauke bonet, ɗaya kowane gefe, da tsumma a kusurwoyin baya don kada su daki gilashi. Ka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi biyu da bargo. Akwai masu yin aikin bonet na jikin mota, amma tartsatsi kusa da kafireto mai fetur ba abin wasa ba ne, kuma garin ƙarfe in ya sauka a gilashi yana cin sa.

Da wuya ka sami hancin da leɓensa ya kwanta daidai da bayan bonet ɗinka. Kada ka ce noti zai jawo shi. Faibar da aka tanƙwara da ƙarfi tana nan tana neman komawa, wata rana sai ta tsage a bakin bolti. Ga yadda ake yi: ka manna samfefa mai lamba 80 a kan bonet daidai inda leɓen zai zauna, yashinta na kallon sama, ka ɗora hancin ka riƙa goga shi gaba da baya kaɗan kaɗan. Bonet ɗin da kansa zai sassaƙa leɓen daidai da siffarsa. In akwai wurin da giɓin ya wuce milimita 3, ka rufe bonet da leda mai santsi, ka shafa filar nan mai gashin faiba a ƙarƙashin leɓen, ka danna shi a wurinsa. In ta bushe ka ɗaga ka gyara gefen. Abin da kake nema shi ne hancin ya zauna da nauyin kansa, katin waya ba ya shiga ƙarƙashinsa ta ko'ina.

In za a buɗe rami

Ka zana ramin a cikin layin hancin, ka bar ƙarfe santimita 3 zuwa 4 daga layin zuwa bakin ramin. Kusurwoyi su zama masu zagaye, don tsagewar ƙarfe daga kusurwa mai kaifi take farawa. Ka huda kowace kusurwa da baki mai milimita 12, sannan ka haɗa hudojin da zarton lantarki mai ƙananan haƙora. Yaran gareji za su ce a kawo giranda a gama cikin minti biyu. Giranda na zafafa farantin, farantin bonet kuma siriri ne, in ya yi kumburin zafi sai an sha wahala kafin ya kwanta. In ita kaɗai ke akwai, a yanka kaɗan a tsaya ya huce. Bayan yanka ka bi bakin da magagari, ka shafa faraima sau biyu, ka sa masa robar baki.

Ramin yana buƙatar raga a bakin hanci don ganye da leda da ƙwari, da kuma faranti a ƙasa mai bututun zubar da ruwa wanda zai kai shi nesa da distirbuta (mai raba wa fulogi wuta) da wayoyin fulogi. Ruwan Agusta in ya sami distirbuta, a tsakiyar titi motar za ta mutu. Ka yanka murfin roba da za ka riƙa toshe bakin da shi lokacin hazo.

Hanya ta farko: ɗaurewa da noti

Boltin ba ya huda saman hancin, a ƙarƙashin leɓe ake dasa shi don kada a gan shi. Ka sa mai walda ya like kan kowane bolti a kan ɗan farantin ƙarfe kamar girman kwalin ashana, a huhhuda farantin don gam ya sami wurin kamawa. Tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin bolti da bolti ta isa, kuma lalle a sami ɗaya kusa da kowace kusurwar gaba, don nan iska ke neman ɗagawa.

Ka kankare wurin da kowanne zai zauna da samfefa 40 har gashin faiba ya fito, ka goge da asiton, ka manna farantin da gam mai ruwa biyu, boltin na tsaye sak. In ya kama, ka rufe farantin da tabarmar faiba falle uku, kowane falle ya fi na ƙarƙashinsa faɗi. Ka naɗe zaren boltin da tef kada rezin ya ɓata shi.

Haɗin rezin a nan garin sai da lura. Ƙa'idar hadina kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ce, wato mililita 1 zuwa 2 a kowane mililita 100 na rezin. Ka auna da sirinji, kada ka yi da ido. Da zafi ka tsaya a kashi 1, kada kuma ka yi ƙasa da haka don ba zai ƙonu sosai ba. Ka haɗa kaɗan kaɗan, rabin gwangwanin madara a lokaci guda, ka yi aikin daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Na taɓa haɗa rabin lita da azahar, kafin in jiƙa falle na biyu ya zama dutse a cikin gwangwani yana hayaƙi. Ragowar da ta yi zafi haka a ajiye ta a fili nesa da tsumma da fetur. Wajen shafawa kuma dannawa ake yi da bakin buroshi har tabarmar ta jiƙe ta daina fari, babu kumfar iska a ciki.

Washegari ka shafa ɗan jan baki ko giris a ƙarshen kowane bolti, ka sauke hancin a hankali a kan layinsa. Tabon da suka bari a kan tef nan za ka huda. Ka fara da baki mai milimita 3, sannan ka faɗaɗa. Hudar ta fi boltin faɗi da milimita 2: boltin 6, huda 8. Wannan 'yar sararar ita ce asirin aikin gaba ɗaya, ita ke ba ƙarfe da faiba damar motsi ba tare da sun ja juna ba. Ka share bakin hudojin, ka shafa musu faraima da fenti, ka bari su bushe. Huda ɗaya da aka bari tsirara ta isa ta fara tsatsa a damina ɗaya.

Ka yanka tib daidai siffar leɓen, ya ɗan shige ciki da milimita 2 don kada ya leƙo. A fesa wa hancin fenti shi kaɗai, bonet shi kaɗai, sannan a haɗa. Wajen ɗauri, wosha ta roba ta fara shiga, sai ta ƙarfe mai faɗi, sai noti. Ka ɗaure daga tsakiya zuwa waje, wannan gefe sannan wancan, kamar yadda ake ɗaure taya. Da robar ta ɗan matsu ka tsaya. Mai taya ni ya so ya ƙara, na ce masa, “Malam, ba kan silinda ba ne, bar shi haka.” In ka ga farantin bonet ya fara lotsawa a gefen noti, ka wuce gona da iri, sassauta.

Hanya ta biyu: mannewa da shafewa

In ranka ya kafe a kan sai ya zama jiki ɗaya, to ka yi shi da haƙuri. Ka kankare fenti har farin ƙarfe ya fito, faɗin santimita 6 zuwa 7 kewaye da layin, rabi ciki rabi waje, da samfefa 40 ko 80. Ka kankare ƙarƙashin leɓen hancin haka nan. Sannan ka fiƙe bakin leɓen daga sama ya yi siriri kamar bakin wuƙa, don kada a sami tudun da sai an lafta fila kafin ya ɓace.

Ka huda ƙananan ramuka ka kama hancin da sukurori na wucin gadi, ka tabbatar ya zauna, ka kwance. Ka goge duka fuskokin da asiton. Ka shafa gam siriri a kan ƙarfen ya rufe duk inda ka kankare, ka shafa a leɓen, sannan ka ja layi mai kauri a tsakiya ka haɗa. Sukurorin su riƙe kawai, kada su matse gam ɗin ya fice duka. Kaurin da ya rage a tsakani shi ke shanye motsin. Ka kwashe wanda ya bulbulo tun yana ɗanye. Ka bar shi awa 24 a inuwa, ko abin da takardar gam ɗin ta ce.

Bayan nan ka cire sukurorin duka. Kuskuren da aka yi mini ke nan a karon farko: ribit ko sukurun da aka binne a ƙarƙashin fila sai ya nuna kansa, zagaye zagaye kamar tabon ƙyanda. Ka faɗaɗa bakin kowace huda ka cike da gam ɗin nan dai. Rezin na faiba kuma kada ka zuba shi kai tsaye a kan ƙarfe da sunan ƙarin ƙarfi, ba ya riƙe ƙarfe riƙo mai daɗewa.

Sai shafe gaɓar. Fila mai gashin faiba ta fara, siririya, a goge da 80. Bodi fila ta biyo baya falle biyu ko uku marasa kauri, kada jimillarsu ta wuce milimita 3. Ka naɗa samfefa a jikin katako mai laushi ko guntun tiyo don lungun da hanci ya haɗu da bonet, kada ka goga da yatsu, yatsu na barin kwari. Ka fesa baƙin fenti sama sama ka goga da 180: inda baƙin ya rage akwai rami, inda ƙarfe ya fito akwai tudu. Ka rufe ido ka shafa da tafin hannu, hannu na jin abin da ido bai gani ba.

A fesa faraima mai hadina falle uku, sannan a mayar da bonet jikin mota a yi ta hawa haka mako biyu. Mutane za su tambaye ka ko kuɗin fenti ne suka ƙare, ka ce eh. A cikin makonnin nan rana da inji za su gasa aikin, duk abin da zai tsuke ya tsuke, duk layin da zai fito ya fito tun ana iya gyara shi da sauƙi. Sannan a goge da 320, a bi da 600 da ruwa, a fesa launi. Ka sani fari da ruwan madara sun fi ɓoye gaɓa, baƙi da shuɗi mai duhu sun fi shan zafi kuma sun fi tona ta. Kada a yi feshi ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, a yayyafa wa ƙasan wurin ruwa tukuna, mai feshin kuma ya sa takunkumin da aka yi don fenti, na ƙyalle ba ya tare tururin fenti mai hadina.

Mayarwa da gwaji

Ka mayar da bonet kan alamomin hinjin da ka zana, ka duba tazarar gefe da gefe ta yi daidai. Hancin ya ƙara nauyi kaɗan, don haka ka tabbatar makullin bonet da ƙugiyar tsaronsa suna kamawa sosai. Ka sake gwajin laka sau ɗaya saboda ƙarshen boltin. Ka zuba ruwa bokiti guda a kan bonet, ka buɗe ka ga inda ya bi.

Sai ka hau hanyar Daura da safe. Ka fara da 60, ka kai 80, ka kai 100, idonka na kan gefunan hancin. In yana rawa ko kana jin fito, ka tsaya ka duba kusurwoyin gaba. Bayan mako guda ka bi notin duka da sifana, domin roba takan kwanta ta saki ɗauri kaɗan. Ka sake bin su in damina ta wuce, ka leƙa ƙarƙashin kowace wosha ko jan tsatsa ya fara, in ya fara ka kwance wannan ɗaya ka kankare ka shafa faraima tun bai yaɗu ba.